Sa albarka ga masu zaman jinsi ɗaya da masu zaman da ba aure: me Cocin Katolika ta halatta, me ta hana?

Ranar 18 ga Disamba, 2023, ofishin kula da aƙida na fadar Vatikan ya fitar da wata takarda mai sakin layi 45, da sa hannun shugaban ofishin, Kadinal Víctor Manuel Fernández, da kuma amincewar Fafaroma Francis. Sunanta da harshen Latin Fiducia supplicans, wato roƙon da ake yi cikin dogara ga Allah. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe duniya cewa Fafaroma ya halatta auren jinsi. Wasu kuma, don kwantar da hankalin mabiya, suka ce ai babu abin da ya sauya ko kaɗan. Duka maganganun biyu sun kauce wa abin da ke rubuce. Takardar ta bar ma'anar aure yadda ta same ta. Abin da ta taɓa shi ne ma'anar albarka: ta raba ta gida biyu, ta ce akwai wadda ba za a taɓa bai wa irin waɗannan mutane ba, akwai kuma wadda za a iya ba su. Gardamar da ake yi tun daga ranar ta rataya ne a kan ko wannan rabon yana tsayawa da ƙafarsa.

Kalmomin da sai an rarrabe su kafin a fahimci maganar

Aure, a koyarwar Katolika, alkawari ne na tsawon rai tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya, domin amfanin su biyun da kuma haihuwa da renon 'ya'ya. Haka doka ta 1055 a kundin dokokin Coci ta zayyana, haka Katekisim, littafin da ya tattara koyarwar Coci, ya maimaita a lamba 1601. Idan su biyun sun yi baftisma, auren ya zama sakramenti, ɗaya daga cikin bakwai ɗin da Coci ta yarda Yesu Almasihu ne ya kafa. Ɗan Katolika sai ya ɗaura aurensa a gaban firist ko dikin (mai hidimar da ke ƙasa da firist) mai izini, da shaidu biyu, kamar yadda doka ta 1108 ta tanada; in ba haka ba, Coci ba ta lissafa shi a aure ingantacce, sai dai idan bishop ya yi sassauci tun farko. Auren masu baftisma da aka ɗaura bisa ƙa'ida, miji da mata kuma suka sadu, doka ta 1141 ta ce babu wani iko na ɗan Adam da zai warware shi, sai mutuwa. Duk saduwar da aka yi a wajen wannan aure, ko tsakanin mace da namiji ce, koyarwar ta ɗauke ta zunubi.

Albarka kuwa ba sakramenti ba ce. Tana cikin alamomi masu tsarki da Coci da kanta ta tsara don shirya zuciya ta karɓi alherin Allah. Akwai littafi na musamman da aka fitar a 1984 wanda ya tattara addu'o'in sa albarka: ga yara, marasa lafiya, matafiya, sabon gida, gona, kayan aiki, abin hawa. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu duka ita ce, abin da za a sa wa albarka kada ya saɓa wa Bishara. A kan wannan ƙa'ida aka gina hanin da Vatikan ta yi a 2021, a kanta kuma masu suka suke tsaye har yau.

Sai abin da takardun Coci ke kira zaman da bai cika ƙa'ida ba. Ya ƙunshi mace da namiji masu zaman dadiro, da 'yan Katolikan da suka yi auren rajista a gaban hukuma kaɗai ba su je coci ba, da wanda ya rabu da abokin aurensa na farko ya sake wani alhali na farkon yana raye. Takardar 2023 ta ambaci waɗannan tare da masu zaman jinsi ɗaya, amma ta lissafa su a matsayin rukuni biyu daban.

Game da luwaɗi da maɗigo, Katekisim ya yi magana a lamba 2357 zuwa 2359, ya kuma raba aiki da mai aikin. Ya ce aikin ya saɓa wa tsarin halitta, ba za a amince da shi ba a kowane hali. Ya ce mutanen da ke da wannan sha'awa dole a karɓe su da mutuntawa da tausayi da lura, a guji duk wariyar da ba ta adalci ba, su kuma an kira su ga kame kai. Takardar 2023 ba ta sauya ko harafi ɗaya a waɗannan lambobi ba.

Akwai wani tarko na fassara da ya ƙara dagula lamarin ga mai karanta labari da Hausa. An yi ta rubuta cewa za a sa wa "ma'auratan jinsi ɗaya" albarka. Kalmar ma'aurata tana ɗauke da aure a cikinta, takardar kuwa ta yi amfani da kalmar da ke nufin mutum biyu da ke tare a matsayin abokan zama, ta kuma nanata cewa zaman nasu ba aure ba ne. Wanda ya karanta "ma'aurata" ya riga ya karanta hukuncin da takardar ba ta yanke ba.

Daga "a'a" ta 2021 zuwa takardar 2023

Ruwa ba ya tsami banza. Shekaru da dama kafin wannan, firistoci a wasu sassan Jamus da Ostiriya da Beljiyam sun riƙa yi wa masu zaman jinsi ɗaya addu'ar albarka a coci, wani lokaci a ɓoye, wani lokaci a sarari. Aka miƙa tambaya ga ofishin aƙida: shin Coci tana da ikon sa wa tarayyar jinsi ɗaya albarka? Amsar ta fito ranar 15 ga Maris, 2021, da sa hannun shugaban ofishin na lokacin, Kadinal Luis Ladaria, da yardar Fafaroma Francis. Amsar ita ce a'a. Bayanin da ya biyo ta ya ce Allah yana sa wa mai zunubi albarka don ya tuba, amma ba ya sa wa zunubi albarka, ba kuma zai iya ba. Ya ce hanin ya shafi duk wata dangantaka mai saduwa a wajen aure, ko ta mace da namiji ce. Ya yarda cewa ana iya samun abubuwan kirki a irin wannan zama, kamar riƙon amana da kula da juna, amma ya ce ba su isa su halatta zaman ba. Ya bar ƙofa ɗaya: ana iya sa wa mutum albarka shi kaɗai idan ya nuna niyyar bin nufin Allah yadda Coci ke koyarwa.

Amsar ba ta kashe wutar ba. A watan Mayu na shekarar, coci-coci kimanin ɗari a Jamus suka shirya tarukan sa albarka a bainar jama'a don nuna ƙin amincewa. A Satumbar 2022 bishop-bishop na yankin Flanders a Beljiyam suka buga tsarin addu'a ga masu zaman jinsi ɗaya, har da wurin da su biyun za su furta alkawarinsu a gaban Allah. A Maris 2023 babban taron sauye-sauye na Cocin Jamus, a birnin Frankfurt, ya kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye cewa a tsara bukukuwan albarka a hukumance.

Daga ɗaya ɓangaren, kadinal biyar, wato Brandmüller, Burke, Sandoval Íñiguez, Sarah da Zen, suka aika wa Fafaroma tambayoyi a Yulin 2023, ɗaya daga ciki a kan wannan batu. Amsarsa, wadda aka bayyana ranar 2 ga Oktoba, ita ce tushen takardar Disamba. Ya ce Coci tana guje wa duk wani biki da zai sa a ɗauki abin da ba aure ba a matsayin aure, amma hikimar makiyayi ta duba ko akwai irin albarkar da mutum ɗaya ko fiye za su roƙa wadda ba za ta kawo wannan ruɗani ba. Ya ƙara da cewa bai kamata a mayar da irin wannan shawara ta makiyayi doka ba. Saboda haka Vatikan ta kasance tsakanin masu son a tsara biki da masu son a rufe ƙofa ruf, takardar kuma yunƙuri ne na hana na farko abin da suke so ba tare da bai wa na biyu nasu ba.

Abin da takardar ta ce a yi, da abin da ta hana

Ta fara da tabbatar da koyarwar aure a sakin layi na 4 da na 5, ta ce ba za a yarda da wani biki ko addu'a da za ta rikita aure da abin da ya saɓa masa ba. A sakin layi na 11 ta maimaita matsayin 2021: Coci ba ta da ikon ba da albarkar tsarin ibada idan hakan zai zama halatta wa wata tarayya ko saduwa a wajen aure. Daga nan ta kawo sabon abu. Ta ce ba kowace albarka ce ta tsarin ibada ba. Akwai wadda mutum kan tare firist a hanya ko a ƙofar coci ya ce "a sa mini albarka", firist ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a ba tare da littafi ba. Wannan ta fi kusa da ibadar talakawan masu bi, kuma babu wanda yake tambayar mai roƙon tarihin rayuwarsa kafin ya yi masa. Sakin layi na 25 ya ce kada a gindaya binciken ɗabi'a mai zurfi a matsayin sharaɗi, kada kuma a nemi mutum ya zama kamili tukuna. A wannan rukuni na biyu, in ji sakin layi na 31, ake iya sa wa abokan zaman da bai cika ƙa'ida ba da masu zaman jinsi ɗaya albarka, matuƙar ba halatta zamansu suke nema ba, taimakon Allah suke roƙo, don abin da ke gaskiya da kyau a rayuwarsu ya warke ya ƙaru.

Sharuɗɗan suna sakin layi na 37 zuwa 40, kuma suna da tsauri fiye da yadda rahotanni suka nuna. Ba a tsara mata littafi ko rubutaccen tsari, bishop ko majalisar bishop-bishop ma ba su da hurumin tsarawa. Ba a yin ta a lokacin ɗaurin auren rajista, ba a kuma haɗa ta da shi ta kowace fuska. Ba a sa tufafin biki, ba a yin motsi ko furta kalmomin da aka san su da ɗaurin aure, wanda a aikace yana nufin babu musayar zobe, babu furta alkawari. Wuraren da aka ba da misali su ne ziyarar wurin ibada mai tsarki, ganawa da firist, addu'a a cikin rukuni, ko tafiyar ziyarar ibada. Abin da firist zai roƙa musu shi ne salama, lafiya, haƙuri, fahimtar juna, taimakon juna, da haske da ƙarfin cika nufin Allah gaba ɗaya.

Takardar ta ce kada a jira ƙarin bayani. Amma ƙurar da ta tashi ta tilasta wa ofishin fitar da sanarwa ranar 4 ga Janairu, 2024, kwana 17 kacal bayan haka. A nan aka ce albarkar ta daƙiƙa 10 zuwa 15 ce, ba a yin ta a gaban bagade ko a wani fitaccen wuri a cikin coci. Aka kawo misalin addu'ar da ma'anarta ita ce: Ya Ubangiji, dubi waɗannan 'ya'ya naka, ka ba su lafiya da aikin yi da salama da taimakon juna, ka 'yantar da su daga duk abin da ya saɓa wa Bishararka, ka sa su rayu bisa nufinka, amin. Sai firist ya yi alamar gicciye a kan mutanen biyu. Mai lura zai ga cewa addu'ar da kanta tana roƙon a raba su da abin da ya saɓa wa Bishara, wanda a koyarwar Coci ya haɗa da saduwar da ke cikin zaman nasu.

Inda gizo ke saƙar

Tambayar ita ce: idan mutum biyu suka zo tare, suka tsaya tare, aka sa musu albarka tare, mene ne aka sa wa albarka?

Masu kare takardar suna cewa mutanen ne. Fafaroma Francis ya faɗi haka ga ma'aikatan ofishin aƙida ranar 26 ga Janairu, 2024: ba tarayyar ake sa wa albarka ba, mutanen da suka roƙa tare ne. Hujjarsu ita ce albarka roƙo ne, ba lambar yabo ba. A ƙarshen kowace Misa firist yana sa wa duk wanda ke coci albarka, salihi da mai zunubi, ba ya tantancewa. Ana sa wa fursuna albarka ba tare da an wanke laifinsa ba. Suna ƙarawa da cewa mutumin da aka kora daga ƙofar coci ba ya dawowa ya ji wa'azin tuba, wanda aka yi wa addu'a kuwa akwai zaren da ya rage tsakaninsa da Coci.

Masu suka suna cewa wannan tufka da warwara ce. Kadinal Gerhard Müller, wanda ya shugabanci ofishin aƙida daga 2012 zuwa 2017, ya rubuta kwanaki kaɗan bayan fitowar takardar cewa tana karo da kanta. Abin da ya mayar da mutum biyu abokan zama shi ne dangantakarsu. Idan aka sa musu albarka a matsayin abokan zama, an sa wa dangantakar. Misalin fursuna bai yi daidai ba a ganinsu, domin fursuna ba ya zuwa da laifinsa a hannu ya ce a sa musu albarka tare. Sun kuma ce firist ba ya tuɓe matsayinsa don ya fita daga bagade: ko a bakin hanya ya ɗaga hannu, da sunan Almasihu da Coci yake yi, saboda haka raba albarka gida biyu ba shi da tushe a Littafi Mai Tsarki ko a al'adar Coci. Kadinal Robert Sarah ya fi zafafawa, ya kira abin da karkatacciyar koyarwa.

Akwai suka ta uku da ba a cika jin ta ba, daga masu goyon bayan masu zaman jinsi ɗaya. Wasunsu sun yi murna, kamar Fada James Martin na Amurka wanda ya sa wa wasu maza biyu albarka a New York washegarin fitowar takardar. Wasu kuwa sun ce albarkar daƙiƙa 15 a gefen coci, da addu'ar da ke nuna zamansu zunubi ne, ƙasƙanci ce aka yi wa ado.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da ƙarfi a wuri daban. A kan takarda, bambancin mutum da tarayya yana da ma'ana, kuma rubutun ya tsare shi da kyau. A idon mai kallo kuwa, da wuya ya tsaya. Hoton mutum biyu riƙe da hannun juna, firist yana musu alamar gicciye, ba ya zuwa da sakin layi na 39 a ƙarƙashinsa. Takardar ta ɗora nauyin hana ruɗani a wuyan firist, a zamanin da kowa ke da kyamara a aljihu, kuma a nan ne rauninta ya fi fitowa. Raunin masu suka kuma shi ne, kaɗan daga cikinsu ne suka bayyana abin da firist zai yi da mutum biyun da suka zo da gaskiya suna neman addu'a, ban da ya raba su ya yi wa kowa tasa, wanda a aikace bai yi nisa da misalin 4 ga Janairu ba.

Yadda sassan Coci suka amsa

Ƙin amincewa mafi girma daga Afirka ya fito. Cikin kwana uku ko huɗu, majalisun bishop-bishop na Malawi, Zambiya, Najeriya da Kamaru sun ce ba za a sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka a yankunansu ba. Ranar 11 ga Janairu, 2024, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, shugaban gamayyar majalisun bishop-bishop na Afirka da Madagaska, ya fitar da matsaya ɗaya a madadinsu. Ta kafa hujja da Littafin Firistoci sura 18, da Romawa sura 1, da kuma cewa irin wannan albarka za ta zama sanadin tuntuɓe a al'ummomin nahiyar. Ta jaddada biyayya ga Fafaroma, ta kuma ce a mutunta masu wannan sha'awa. Abin lura shi ne an fitar da ita da amincewar Fafaroma da Kadinal Fernández, wato Roma da kanta ta sa hannu a kan togiyar. Bishop-bishop na Arewacin Afirka ba su bi wannan layi ba. Sun ce za a iya yi idan an tabbatar ba za ta kawo ruɗani ba.

Sanarwar 4 ga Janairu ta riga ta buɗe wannan hanya. Ta ce kowane bishop yana da ikon duba yanayin dayosis ɗinsa, kuma a ƙasashen da doka ke ɗaure ko kashe wanda ya bayyana kansa ɗan luwaɗi, sa albarka ganganci ne domin zai jefa mutanen cikin haɗari. Amma ta ce bambancin aiwatarwa daban, ƙin takardar gaba ɗaya har abada daban, na biyun ba a yarda da shi ba. A ƙarshen Janairu Fafaroma ya shaida wa jaridar La Stampa ta Italiya cewa lamarin Afirka na musamman ne saboda al'ada. Wasu malaman Afirka ba su ji daɗin wannan ba, domin a ganinsu hujjarsu ta Littafi ce kafin ta zama ta al'ada.

A Gabas dalilin ya sha bamban, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A Cocin Latin, wato babban reshen Katolika na Yamma, ango da amarya ne ke ba juna sakramentin aure ta wurin yardarsu, firist shaida ne a madadin Coci. A cocin Katolika na Gabas kuwa, albarkar firist sharaɗi ce ta ingancin auren. In babu ita babu aure. Ga mai wannan al'ada, firist ya sa wa mutum biyu albarka tare ya yi kama da ɗaurin aure ƙwarai. Shi ya sa Babban Akbishop Sviatoslav Shevchuk na Cocin Katolika ta Yukren mai bin tsarin ibadar Girkawa ya ce takardar ba ta shafi cocinsa ba. A Kazakistan Akbishop Tomash Peta da Bishop Athanasius Schneider sun hana firistocinsu kai tsaye. Tasirin ya tsallaka wajen Katolika: a Maris 2024 Cocin Kibɗawa ta Masar ta dakatar da tattaunawar tauhidi da Roma, daga baya Kadinal Fernández ya je Alƙahira a watan Mayu ya gana da shugabanta, Tawadros na Biyu.

A Faransa bishop-bishop tara na yammacin ƙasar sun ba da shawarar a sa wa kowa albarka shi kaɗai. A Jamus aka wuce gaba: a Afrilun 2025 aka fitar da jagora ga masu hidima kan shirya bikin albarka, wasu dayosis suka karɓa, wasu irin su Kolon da Regensburg suka ƙi, suna cewa ya zarce iyakar da Roma ta shata.

Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 2025, aka zaɓi Leo na 14 ranar 8 ga Mayu. A wata hira da aka wallafa a Satumbar shekarar, sabon Fafaroman ya ce tsara bukukuwan albarka da ake yi a Arewacin Turai ya saɓa wa takardar da Francis ya amince da ita, ya kuma ce da wuya ƙwarai koyarwar Coci kan aure da jima'i ta sauya. Wato ya ɗauki takardar a matsayin ma'auni, ya auna masu wuce iyaka da ita.

Mace da namiji da hayaniya ta rufe

Kusan duk ka-ce-na-cen a kan jinsi ɗaya aka yi shi, alhali waɗanda takardar ta fi shafa ta fuskar yawa su ne mace da namiji da ke zaune ba bisa ƙa'idar Coci ba. Matsayar Afirka ma a kan masu zaman jinsi ɗaya ta tsaya. Misalin da sanarwar 4 ga Janairu ta kawo na wasu ne da suka rabu da aurensu na farko suka sake wani, suka tare firist a taron ziyarar ibada, ga rashin aiki ga rashin lafiya.

Ga waɗannan akwai tarihi. A 1981 Fafaroma John Paul na Biyu, a wasiƙarsa kan iyali mai suna Familiaris consortio, ya hana makiyaya yin kowane irin biki ga wanda ya sake aure bayan saki, don kada a zaci sabon aure aka ɗaura. Takardar 2023 ba ta ɗage wannan ba, tunda ita ma ta hana biki. Abin da ta ƙara shi ne gajeriyar addu'a.

Bambancinsu da masu zaman jinsi ɗaya shi ne, da yawansu suna da hanyar gyara. Masu zaman dadiro da babu abin da ya hana su aure, sai su yi shirin aure su ɗaura a coci. Masu auren rajista kaɗai, ana inganta aurensu ta hanyar sake furta yarda a gaban firist da shaidu biyu. Idan ɗayan ya ƙi zuwa amma yardarsa tana nan, bishop yana iya inganta auren daga tushe ba tare da sake furtawa ba. Wanda yake da aure na farko sai ya kai ƙara kotun dayosis, ta bincika ko auren tun asali ya ɗauru, misali ko an tilasta wa wani, ko ɗayan ya shiga da niyyar ƙin haihuwa ko ƙin riƙon amana. Wannan ba saki ba ne, hukunci ne cewa aure bai taɓa ƙulluwa ba. A 2015 Fafaroma Francis ya sauƙaƙa tsarin: hukuncin kotu ɗaya ya isa idan ba a ɗaukaka ƙara ba, maimakon biyu da ake nema a da, akwai kuma gajeriyar hanya a gaban bishop idan hujjoji a fili suke kuma ɓangarorin biyu sun yarda. Haɗarin da ke nan shi ne mutane su karɓi albarkar daƙiƙa 15 su ɗauka an gama, su bar bin hanyar da za ta kai su ga sakramenti.

Abin da mai neman albarka zai tarar

Amsar da zai samu ta danganta da inda yake, domin bishop ɗin dayosis ne ke da ta cewa kan yadda za a aiwatar. Inda aka hana sa wa mutum biyu na jinsi ɗaya albarka tare, kowannensu yana iya roƙon tasa shi kaɗai. Wannan babu majalisar da ta hana. Inda aka yarda, firist yana iya ƙi idan ya ga ana shirin mayar da abin biki, ko ana so a yi amfani da shi a matsayin shaidar cewa Coci ta amince.

Albarkar ba ta sauya matsayin kowa a dokar Coci. Ba a rubuta ta a rajistar aure, ba a ba da takardar shaida. Ba gafarar zunubi ba ce, wannan sai a sakramentin furta zunubi, wanda ke buƙatar nadama da niyyar gyara. Ba ta buɗe ƙofar karɓar Jibin Ubangiji; wannan batu ne daban mai nasa ƙa'idoji, wanda wasiƙar Amoris laetitia ta 2016 ta tattauna a babi na 8. Ba ta kuma da wani tasiri a dokar ƙasa.

Inda abin ya fi lalacewa a aikace wurare ne sanannu. A sa rana, a gayyaci dangi da abokai, sai abin da aka ce na nan take ne ya zama taro. A yi shi da yammacin ranar da aka yi rajista a gaban hukuma, wanda sakin layi na 39 ya hana ƙarara. A tsaya a gaban bagade, firist sanye da rigunan Misa, ana waƙa. A karanta rubutacciyar addu'a da aka buga aka rarraba, sai ta zama tsarin ibada ta ƙofar baya. A ɗauki hoto a watsa a intanet da taken "an ɗaura". A kowane ɗayan waɗannan, kalmomin firist suna iya zama daidai da misalin Vatikan harafi da harafi, amma wurin da tufafin da taron sun riga sun faɗi wani abu daban, kuma takardar ta ce albarkar da ta yi kama da ɗaurin aure ba ita ce aka halatta ba.